Matambayi Ba Ya Ɓata: Hoton Kakanki da Gaɓar da Ruwa Ya Ci

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato tsofaffin hotuna, kuma yawancinsu daga ƙasar Yauri suka fito. Na zaɓi huɗu. Wadda ta fi tsayar da ni ita na sa a gaba, don sai da na kwana biyu ina buɗe hoton da aka aiko mini ina rufewa kafin na ɗauki alƙalami.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kebbi, amma asalinmu Yelwa. Bayan rasuwar kakarmu muka buɗe adakarta, muka tarar da hotuna bakwai a naɗe cikin wani tsohon kallabi. Ɗaya daga ciki kakanmu ne yana tsaye a bakin gulbi kusa da wani dogon kwalekwale cike da buhuna, a bayansa ga wani gungu mai itatuwa da bukkoki, kusa ƙwarai. Da na je gida hutun Sallah na bi bakin ruwa tun daga kasuwa ina neman wurin, ban ga mai kama da shi ba. Yayana ya ce ba Yauri ba ce. Babu kwanan wata a jiki. Na turo maka shi ta WhatsApp. Ina ne nan, kuma yaushe aka ɗauka?

AMSA: Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Ɗiyata, ki gaya wa yayanki ya sassauta. Rashin ganin wurin da kika yi shi ne babbar shaidar da ke hannunki. Kin tafi neman gaɓar Kwara ne, kika tarar da gaɓar tafki, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Ga yadda abin yake. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashinta, kamfanin Turawan Italiya mai suna Impregilo ya yi aikin. A daminar 1968 aka tare ruwan, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a Fabrairun 1969. Ruwan da aka tare ya ja baya ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, kansa yana Kainji, wutsiyarsa tana nan wajenmu Yelwa. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga gidajensu, har da tsohon garin Busa ɗungurungum. A ɓangarenmu waɗanda abin ya fi taɓawa su ne Gungawa, mutanen da ke kiran kansu Bareshe, masu zama a gungunan tsakiyar gulbi suna noman albasa da gero da su, sai Lopawa da Kambari da Shangawa na gefen ruwa.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Abin da ba na mantawa shi ne ruwan bai zo da hayaniya ba. Ba irin ambaliyar da kuka saba gani yanzu ba ce, mai tumbuke gada cikin dare. A hankali yake hawa. Mu yara mukan kafa kara a bakin ruwa da yamma, mu dawo da safe mu tarar ya nutse. Wasa muka ɗauke shi. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, fataucin albasa yake yi, yana tsallakawa gungu ya saro ya kai wa masu loda motocin Kudu, shi kuwa ba ya dariya in muka kawo masa labarin karanmu. Sai da na girma na gane cewa gonakin abokan cinikinsa muke aunawa.

To, mu koma kan hotonki. Gungun da ke bayan kakanki yana kusa har ana iya ƙirga jinkayen bukkokin, kuma akwai mutane a cikinsa, ga hayaƙi nan yana tashi daga gefen hagu in kika ƙara girman hoton. Gungu mai mutane da rumbuna a irin wannan kusanci, da ruwa siriri a tsakani, na kafin tafki ne. Wannan kaɗai ya sa mana iyaka ta sama: kafin ƙarshen 1968.

Sai abu na biyu, wanda ina jin ba ki kula da shi ba. A gefen dama akwai rabin mutum, mai hoton ya yanke shi, amma an ga kafaɗarsa da ɗamarar fata da sanda. Ɗan doka ne, wato ɗan sandan En'e. Waɗannan kuwa zuwa wajajen 1970 an narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Shaida biyu ke nan suka haɗu, kuma ko a gaban alƙali biyu sun isa a saurare su. Na uku, dubi gindin kwalekwalen. Babu inji, babu ma katakon da ake ɗaura inji. Filafili ne a jingine da doguwar gorar tuƙi. A tasowata injin jirgi abin kallo ne, sai bayan da ruwa ya faɗaɗa, tsallaken da ake yi da filafili kafin tuwo ya huce ya koma tafiyar rabin yini, sannan kowa ya nemi inji dole.

Iyakar ƙasa ta fi wuya, amma takardar hoton za ta taimaka. Na ga bakinta a yanke yake zago-zago kamar haƙoran zarto, da farin gefe kewaye. Irin wannan yanka ya yi tashe daga shekarun 1940 zuwa na 1960. In kika haɗa da shekarun kakanki, wanda a hoton bai wuce talatin da ɗoriya ba, sai ki tambayi iyayenki shekarar da aka haifi babban ɗansa, ki yi lissafi. Ni dai hasashena yana tsakanin ƙarshen zamanin Sarkin Yauri Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, da farkon zamanin Sarki Muhammadu Tukur da ya gaje shi ya kai 1981. Na kawo sarakunan ne da gangan. Tsohuwa ba za ta ce miki 1957 ba har abada, amma za ta ce miki "ai lokacin Tukur bai daɗe da hawa ba", ko "shekarar da aka yi zaɓen farko", ko "kafin a kashe Sardauna". Ke ce za ki mayar da wannan lamba. Ki riƙe 'yan turaku a ka: 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, Jihar Arewa maso Yamma 1967, komawar tuƙin mota hannun dama Afrilun 1972, shigowar naira Janairun 1973, Jihar Sakkwato 1976, Jihar Kebbi Agustan 1991. Duk hoton da ke da allon ofis ko mota a kan titi ko farashi a rubuce da fam da sule, ɗaya daga cikin turakun nan zai ɗaure shi.

Har lokacin shekara hoton ya faɗa. Kwara a wajenmu sau biyu take cika. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminarmu, wanda ke tumbatsa wajen Satumba. Akwai baƙin ruwa, wanda ruwan saman ƙasar Gini ne, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana tacewa, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu. Bayan ya janye, cikin bazara, gulbi ke ramewa har rairayi ya fito fili. Kakanki a kan rairayi yake tsaye, mai faɗi, kuma buhunan nan da ƙulli-ƙullin da ke turo su daga ciki ba hatsi ba ne, albasa ce. Bazara ke nan, bayan an cire albasa. Inuwarsa gajera ce a ƙarƙashin ƙafarsa, ga shi ya ɗan runtse ido. Rana tsaka aka tsayar da bawan Allah.

Wani abu ya ba ni dariya. Kakanki yana sanye da babbar riga mai aiki, da agogo a hannu, ya turo hannun gaba don a gan shi, a bakin ruwa, kusa da lodin albasa. Babu mai lodi da irin wannan shiga. An shirya wa hoton nan, wataƙila ma agogon na mai hoto ne, don a wancan zamani masu hoto sukan ajiye agogo da tabarau da rediyo na aro. Kada wannan ya rage miki darajarsa. Mutum ne ya tashi ya ce a ɗauke ni yadda nake so jikokina su gan ni, kuma bai zaɓi labulen sitidiyo mai zanen benen Legas ba, ya ce a zo bakin gulbi inda arzikinsa yake. Na ga hotunan Yelwa da yawa, kaɗan ne masu irin wannan.

Sunan gungun kuwa, ba ni zan ba ki shi ba, kuma ba littafi ba. Ki wanke hoton babba a takarda, girman littafin rubutu, don idon tsoho ba ya jituwa da gilashin waya. Ki kai shi inda tsofaffin matuƙa jirgi ke zama da hantsi a bakin kasuwa. Ki gaishe su yadda ya kamata, ki riƙa musu goro, kada ki ce komai game da abin da kike zato. Ki miƙa kawai ki ce, "Baba, ina ne nan?" Ki nuna wa mutum uku daban-daban, ba a zama ɗaya ba, don in babba ya faɗi suna sauran ba za su musa masa a gabanki ba ko da ya yi kuskure. Ga wata doguwar giginya guda a ƙarshen gungun da ta karkata, da wani dutse a cikin ruwa. Matuƙi da irin waɗannan yake gane hanya, ba ya mance su. Kuma ki yi wannan a hutunki na gaba, kada ki ce sai wata Sallah. Wanda ya tuƙa jirgi da ƙarfinsa kafin 1968 yau ya haura saba'in da biyar.

Sauran hotuna shidan ma ina son ganinsu, gaba da baya.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga Zamare. Na ga wani hoto a Facebook an rubuta "Mungo Park tare da Sarkin Yauri", da wani mai launi an ce kasuwar Yelwa ce a 1890. Mutane sun yi ta yaɗawa, ni ma na yaɗa. Wani abokina ya ce ƙarya ce. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Abokinka, ɗana. Ka saya masa shayi.

Mungo Park ya bi ta ƙasar Yauri a jirginsa, nan ne ma jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya wuce ya halaka a duwatsun ruwa na Busa a 1806. Sana'ar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Shekara talatin da uku ke nan bayan mutuwarsa. Ko 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo Yauri a 1830 suka yi fiye da wata guda suna neman takardun Park a wajen sarki, ba su da kyamara, rubutu suka yi. Kuma ba Yelwa suka sauka ba, Birnin Yauri ne gidan sarauta a lokacin. Yelwa ta zama mazaunin sarki ne a zamanin Abdullahi Abarshi, wanda ya hau a 1888. Don haka duk wanda ya nuna maka hoton wani Sarkin Yauri na farkon ƙarni na 19, ko zane ne ko kuwa hoton wani sarkin ne na wani gari aka sauya wa suna. Duwatsun da suka ci Park ma yanzu suna ƙarƙashin tafki.

Na biyun na neme shi na gani. Launin ba shi ne laifin ba, don yanzu akwai manhajojin da ke shafa wa tsohon hoto launi, sai dai ka sani launin zato ne na na'ura. Na ga inda ta mayar da baƙin rawani mai shuni ja wur. Abin da ya tona asirin hoton shi ne rumfunan kwano a jere da wata babbar mota a can baya. Mota a Yelwa a 1890? Turawan mulki kansu sai a ƙarshen shekarun 1890 suka kafa sansani a nan, kuma a ƙafa da doki da jirgin ruwa suke yawo. Ga kuma tsaunuka a bayan kasuwar waɗanda ni ban taɓa ganin irinsu a ƙasarmu ba, kuma a nan aka yanke mini cibi.

Yadda abin ke faruwa shi ne hoto guda sai ya yi yawo gari-gari. Yau Yauri, gobe Lakwaja, jibi Jebba, kowa ya liƙa masa sunan garinsu don a ce su ma na da ne. Ka koyi tambaya uku kafin ka danna yaɗawa: wa ya ɗauka, a ina asalinsa yake ajiye, me ke rubuce a bayansa? Hoton kirki yana da dangi. In ka sa shi a Google Lens sau da yawa zai kai ka gidan ajiyar da ya fito, ka ga ainihin bayanin da ke kansa. Ko wannan ma a yi hattara, don Baturen da ya ɗauka yakan rubuta sunan gari yadda kunnensa ya ji, ya kira kowa da ke cikin jirgi masunci, alhali Basarke daban, Bagunge daban, Banufe daban.

Tun da kai ɗalibi ne, in kana son ƙasa mai ƙarfi ka taka, ka nemi rubuce-rubucen marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan Yauri ta ƙarni na 19. Akwai kuma wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, da ya buga bayani a kan Yauri a 1930. Ka karanta shi da ido biyu, amma ka karanta.

Sannan ka koma inda ka yaɗa ka rubuta cewa ka yi kuskure. Ba ya rage mutum.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da hotunan mahaifina guda goma sha biyu na lokacin da yake aikin En'e. Sun fara yin ja-ja, wasu sun manne da juna. Ina so in kai a yi musu laminatin. Wani kawuna kuma ya ce in ƙone su, ajiye hoto ba kyau. Ni ɗan kasuwa ne a Warra.

AMSA: Alhaji, don Allah kada ka kai su laminatin. Da bakin wanda ya ƙone nake maka magana. Hoton mahaifina guda ɗaya tak da muke da shi yana saurayi, na ɗauka da hannuna na kai wani shago, ina ganin gata nake masa. Injin ya yi zafi fiye da kima, fuskar ta kumbura ta yi ƙuraje, bayan shekara uku danshi ya shiga ta gefe ya yi taswira a kan ƙirjinsa. Ledar ba ta ɓaruwa sai da fatar hoton. Yaron shagon bai yi da mugunta ba, aikin da na sa shi ya yi. Yau in na ce wa jikokina ga kakanku, sai su ga rawani da gemu da wani farin gajimare a tsakani.

Fuskar tsohon hoto wani siririn abu ne mai kama da ƙaro, shi ke riƙe da hoton. Zafi na narka shi, danshi na sa shi yauƙi, shi ya sa suka manne. Waɗanda suka manne kada ka ɓamɓare su da ƙarfi, kada ka sa musu ruwa, ka bar su yadda suke har a samu wanda ya san aikin. Sauran ka raba su, ka sa farar takarda marar rubutu tsakanin kowane biyu, ka zuba a ambulan, ka sa a akwatin ƙarfe. Akwatin kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara da raɓar damina, ku da kuke bakin ruwa kun fi kowa sanin wannan. Ban da salatif, ban da gam, ban da roba mai ɗaure kuɗi. In za ka rubuta suna a baya, da fensir, a hankali, don tawadar biro tana hudowa ta gaba.

Kafin duk wannan, ka sa yaro mai waya mai kyau ya ɗauke su ɗaya-ɗaya, a inuwa da safe, ba da walƙiyar waya ba, gaba da baya. Ka tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu, don waya ma ɓata take yi.

Maganar kawu kuwa, malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kuma da yawa daga waɗanda suka tsananta a kan ratayewa a bango suka fi tsanantawa. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. Abin da zan roƙa shi ne, in zuciyarka ta ƙi ajiye su, kada ka sa wuta. Ka ba wani ɗan'uwa, ko ka kai gidan tarihi. Hotunan ma'aikacin En'e ba na gidanku kaɗai ba ne, akwai fuskokin iyayen wasu a ciki. Kawu kuma a lallaɓa shi, a nuna masa su tukuna. Na san wani dattijo da ya zo da irin wannan magana, da aka miƙa masa hoton ya ga yayansa, sai ya sa a aljihu ya tafi da shi.

TAMBAYA: Baba Malam, ni Bagunge ne, an haife ni a ɗaya daga garuruwan da gwamnati ta gina wa iyayenmu bayan tashin ruwa. Kullum ina ganin tsofaffin hotunan fada da na kasuwa da na Turawa, amma ban taɓa ganin hoton gungunmu ba ko sau ɗaya. Mahaifina yana ba mu labarinsa har ya yi hawaye. Babu wanda ya ɗauka ne? In akwai, ina zan samu?

AMSA: Ɗana, tambayarka ta fi sauran nauyi. Ka duba wa ke riƙe da kyamara a wancan zamani. Turawan mulki irin su Joji da Di'o, 'yan mishan, ma'aikatan kamfanonin sayen kaya, sai masu hoton kasuwa, waɗanda yawancinsu mutanen Kudu ne da suka zo da akwatinsu mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Bature yana ɗaukar abin da ya ba shi mamaki ko abin da zai aika wa na gaba da shi: hawan sarki, sabon ofis, dorinar da aka harbe. Mai hoton kasuwa yana ɗaukar wanda ya biya. Manomin gungu da ya sayar da albasarsa yana da haraji a gabansa da gishiri da tufafi, kuma ba ya ganin dalilin biyan kuɗi a ɗauki wurin da yake kwana yake tashi, wanda kakansa ma a nan ya kwana ya tashi. Wa ya san za a wayi gari babu shi? Shi ya sa gungunan suka fi fitowa a bayan wani, kamar yadda ka gani a wasiƙar farko ta yau. Ka riƙa duba bayan mutane a hotunan Yelwa, ba fuskokinsu ba. Nan garinku yake.

Amma akwai lokaci guda da hukuma ta waiwayi gungu da gaske, wato dab da tashin. An bi gida-gida an ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwa saboda diyya, an auna ƙasa, an yi taswira, an zana sababbin garuruwa. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen nan masu rufin siminti a lanƙwashe da ka tashi a cikinsu, waɗanda iyayenku suka yi ta ƙara wa bukkoki a gefe don su yi daidai da zamansu. Aiki irin wannan yana barin takardu. Wurin farawa shi ne Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da Arewa House a can Kaduna ɗin, sai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka tafi da sunan gungunku yadda ku kuke faɗinsa da yadda Hausawa ke faɗinsa, da sunan hakimin da kuke ƙarƙashinsa, don da sunan gunduma ake jera fayil. Ka tafi da haƙuri kuma, ba aikin yini ɗaya ba ne. Akwai wani Ba'amurke masanin al'adu, Frank Salamone, da ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970 ya yi rubutu a kan Gungawa bayan tashin, shi ma a nemi nasa.

Sai dai ka fara da abin da ke gidanku. Ka zaunar da mahaifinka a tsakar gida, ka share ƙasa, ka ba shi tsinke ka ce ya zana maka gungun. Ina mashigar jirage, ina gidan sarkin gari, ina fagen kokawa, ina maƙabarta, ina lambunan albasa, gidan wa ke bin gidan wa. Ka kunna rikoda a waya, ka bar shi ya yi da Reshe, kada ka tilasta masa Hausa. In ya gama ka hau kujera ka ɗauki zanen daga sama. Ka kira wani tsaransa ya zo ya gyara masa, za su yi gardama, gardamar ma ka ɗauke ta.

Na taɓa yin irin wannan, amma a kan ruwa. Shekarun baya na shiga jirgin wani dattijo Bagunge, tsohon abokin cinikin mahaifina, za mu gaisuwar rasuwa a tsallake. Muna tsakiyar tafki, ba komai ko'ina sai ruwa, sai ya ce wa jikansa ya kashe inji. Ya dubi wani tudu a gabas, ya dubi wani a yamma, ya sa yaron ya ɗan ja da filafili zuwa hagu. Sannan ya nuna ruwa da haɓa ya ce, "Malam, nan ne ƙofar gidanmu. Can inda kumfar nan take, tsamiyar da babanka ke ɗaure awonsa." Na ɗauka zancen tsufa ne. Ya karɓi gorar tuƙi ya zura ta har kusan ƙarshenta, ya ɗan lalaba, sai muka ji ƙwas, ta bugi itace. Irin kututturan nan ne da ke fasa jirage har yau in ruwa ya ja baya. Ya bar gorar a jikinsa ɗan lokaci, yana motsa baki. Da ya zaro ta ya shafa ruwan a fuska, ya ce wa yaron ya tayar da inji kada mu rasa jana'iza.

Ina da kyamara a jakata ran nan, kuma na ɗauka. Hoton yana nan a akwatina: ruwa ne fari fat, da hannun tsoho riƙe da gora. Na rubuta sunan gungun a baya da fensir. In ka shigo Yelwa ka neme ni ta ofishin mujalla, ka zo da mahaifinka ya duba ko nasu ne.